Takobi da Hannun da Ya Zare Shi: Nasarar Sarkin Yaƙi da Iyakar Haƙƙinsa a Rayuwar Khalid ɗan Walid

Daga cikin matsalolin da malaman shari'a da masana sha'anin mulki suka daɗe suna tattaunawa akwai matsayin sarkin yaƙi a cikin al'umma, wato mutumin da aka danƙa wa ragamar runduna, aka sa dubban masu makami ƙarƙashin umarninsa, alhali shi ma yana ƙarƙashin wani shugaba wanda sau da yawa bai kai shi sanin dabarun yaƙi ba, kuma ba ya tare da dakaru a fagen fama. Matsalar takan ƙara nauyi idan sarkin yaƙin gwani ne wanda nasara ke bin tutarsa, domin a nan ne ake tambaya ko gwaninta da nasara suna mallaka wa mutum muƙami har tuɓe shi ya zama zalunci, ko kuwa muƙamin amana ce da mai bayarwa yake da ikon karɓewa, ko da wanda aka ba ya fi kowa iya riƙe ta. A tarihin Musulunci da wuya a sami rayuwar da ta fito da wannan tambaya fili kamar ta Khalid ɗan Walid, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya jagoranci rundunoni a zamanin Annabi da na halifofi biyu na farko, aka kuma sauke shi yana kan ganiyarsa.

Khalid ya fito ne daga Banu Makhzum, gidan da aka san shi da kula da sha'anin dawakai da shirin yaƙi a cikin Ƙuraishawa, kuma farkon fitowar sunansa a tarihi ya kasance yana ɓangaren da ke yaƙar Musulmi. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, daidai da 625 Miladiyya, shi ne ya lura cewa mafi yawan maharba 50 da aka ajiye a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu sun bar wurinsu sun nufi ganima, sai ya kewayo da mahayansa ta baya ya juyar da akalar yaƙin, aka rasa Musulmi wajen 70, cikinsu har da Hamza baffan Annabi. Bayan kimanin shekara biyar ya yi tattaki zuwa Madina ya musulunta tare da Amru ɗan Asi da Usmanu ɗan Ɗalha. Abin lura shi ne kaifin idon da ya ga gurbin da maharba suka bari a Uhudu shi ne dai wanda daga baya ya riƙa gano raunin rundunonin Farisa da na Rumawa, kuma wannan yana nuna cewa gwanintar yaƙi a karan kanta ba ta da alƙibla, tana yi wa gaskiya aiki kamar yadda take yi wa ɓata, saboda haka ba za ta zama hujjar cancantar shugabanci ba sai an san wanda take yi wa biyayya da manufar da take yi wa hidima.

Laƙabin da ya shahara da shi, wato Saifullahi, takobin Allah, ya same shi ne a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, inda runduna mai mutum 3,000 ta gamu da taron Rumawa da ƙawayensu Larabawa wanda ya ninka ta nesa ba kusa ba. Kwamandoji uku da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya naɗa da bakinsa, Zaidu ɗan Harisa da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha, duk sun yi shahada ɗaya bayan ɗaya, sai Khalid ya karɓi tuta ba tare da naɗi ba, bisa yardar mayaƙan da ke wurin, ya yi faɗa har takubba tara suka kakkarye a hannunsa kamar yadda Buhari ya ruwaito, sa'annan ya janye rundunar ya dawo da ita Madina. Ba a ci gari a wannan rana ba, har ma wasu mutanen Madina suka tarbi dakarun da gorin gudu, amma Annabi ya kare su. Ke nan an ba shi mafi girman laƙabinsa ne a ranar da ya ceci rayukan mutanensa, kuma ikon da lalura ta sa ya ɗauka bai riƙe shi fiye da lokacin lalurar ba, domin da ya iso gida ya koma matsayin wanda ke jiran umarni.

Bayan buɗe Makka a wannan shekarar aka aike shi ga Banu Jazima domin kira zuwa Musulunci, kuma a nan ne aka ga ɗaya fuskar kaifinsa. Mutanen ba su iya furta shigarsu addini da lafazin da aka saba ba, shi kuwa ya ɗauki maganarsu a matsayin ƙi, ya kama su, ya ba da umarni kowane mayaƙi ya kashe ribataccen da ke hannunsa. Da labari ya kai wa Annabi sai ya ɗaga hannuwansa ya barranta ga Allah daga abin da Khalid ya aikata har sau biyu, ya kuma aiki Aliyu ɗan Abu Ɗalib da dukiya ya biya diyya, wato fansar ran da aka kashe ba bisa haƙƙi ba, tare da ramuwar duk abin da aka lalata musu. Amma bai tuɓe shi ba. Wannan hukunci ya raba abubuwa biyu da mutane suka cika haɗawa: aikin sarkin yaƙi ana iya yin tir da shi a bainar jama'a a kuma gyara ɓarnarsa, ba tare da an soke amfaninsa ga al'umma ba, haka kuma amfaninsa ba ya mayar da kuskurensa daidai.

Irin wannan matsala ta sake tasowa a zamanin Abubakar, lokacin yaƙoƙin ridda, wato yaƙar ƙabilun da suka fita daga addini ko suka hana zakka bayan wafatin Annabi a shekara ta 11 bayan Hijira. Khalid ya karya rundunar Ɗulaiha a Buzakha, ya murƙushe ta Musailama a Yamama, inda mahaddata Alƙur'ani da yawa suka yi shahada har hakan ya zama dalilin da ya sa aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin tattara Alƙur'ani wuri guda. Amma a tsakanin waɗannan nasarori biyu aka kashe Maliku ɗan Nuwaira na Banu Tamim bisa umarninsa, alhali wasu daga cikin rundunar, irin su Abu Ƙatada, sun shaida cewa mutanensa suna salla. Umar ya nemi a sauke Khalid, Abubakar kuwa ya ɗauki abin a matsayin tawili, wato fahimtar da mutum ya kai gare ta da ƙoƙarinsa amma ya kuskure, ya biya diyyar Maliku, ya ƙi mayar da takobin da yake ganin Allah ne Ya zare shi a kan abokan gaba cikin kubensa. Manyan sahabbai biyu sun kalli lamari guda sun saɓa, ɗaya ya rinjayar da buƙatar al'umma da ke cikin haɗarin wargajewa, ɗaya ya rinjayar da tsoron kada kwamanda ya saba da yanke hukuncin jini shi kaɗai.

Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan Hijira, ya yi amfani da wannan saɓani a littafinsa na siyasar shari'a wajen bayyana cewa kowane muƙami yana tsaye ne a kan ginshiƙai biyu, ƙarfi da amana, kuma da yake ba kasafai suke cika a mutum ɗaya ba, dole a duba wanda aikin ya fi buƙata. A wurinsa wannan ne ya sa aka fifita Khalid a jagorancin yaƙi a kan waɗanda suka riga shi musulunta, aka kuma hana Abu Zarri shugabanci duk da tsananin gaskiyarsa. Ya ƙara da cewa shugaba mai taushi kamar Abubakar yana buƙatar wakili mai tsanani kamar Khalid, mai tsanani kamar Umar kuma yana buƙatar mai taushi kamar Abu Ubaida, domin al'amari ya daidaita. Abin da ke ƙarƙashin wannan bayani shi ne cewa ba a kallon sarkin yaƙi shi kaɗai, ana kallonsa ne a matsayin gaɓa ɗaya ta jikin mulki, kuma dacewarsa tana iya canzawa idan sauran gaɓoɓin suka canza ko da shi bai ragu da komai ba.

Daga Yamama Khalid ya shiga Iraƙi a shekara ta 12, ya karɓi Hira da Anbar da Ainut Tamri, sa'annan bisa umarnin Abubakar ya ratsa hamada zuwa Sham ta hanyar da masu tarihi suka ce sai da aka yi kwana biyar babu rijiya, har aka shayar da raƙuma ruwa aka riƙa yanka su a kan hanya domin a shayar da dawakai daga abin da ke cikinsu. Da Abubakar ya rasu a shekara ta 13, Umar ya ɗora Abu Ubaida ɗan Jarrahu a kan rundunonin Sham, Khalid ya koma ƙarƙashin mutumin da a da yake ƙarƙashinsa. Bai janye jiki ba, bai kuma rage himma ba, kuma a yaƙin Yarmuk, wanda galibin masu tarihi ke sa shi a shekarar 636 Miladiyya kuma wanda ya kawo ƙarshen ikon Rumawa a Sham, dabarar tsara rundunar da motsa mahaya tasa ce. Wannan ita ce jarrabawar farko, kuma ta nuna cewa yana iya raba aiki da muƙami.

Jarrabawa ta biyu ta fi ɗaci. A shekara ta 17 bayan Hijira, yana riƙe da Ƙinnasrin, labari ya kai wa Umar cewa ya ba Ash'asu ɗan Ƙaisu kyautar dirhami 10,000, sai halifa ya rubuta cewa a tambaye shi a gaban jama'a daga ina kuɗin suka fito, domin in daga dukiyar Musulmi ne to ha'inci ne, in kuwa daga tasa ne to almubazzaranci ne, kuma ta kowace fuska a sauke shi. Ɗabari ya kawo cewa a Hims aka yi masa tambayar, Bilal ne ya tashi ya ɗaure shi da rawaninsa, kuma da ya amsa cewa daga dukiyarsa ne Bilal ɗin ya kwance shi ya naɗa masa rawanin da hannunsa. Daga nan aka ƙididdige abin da ya mallaka, aka mayar da wani kaso baitulmali, wato taskar dukiyar jama'a. Sa'annan Umar ya aika wa garuruwa takarda yana bayyana cewa bai tuɓe shi domin fushi ko ha'inci ba, sai domin mutane sun fitinu da shi, yana tsoron a bar su da dogaro a kansa, kuma yana so su san cewa Allah ne Mai aikatawa.

Dalilin farko na lissafin dukiya ne, kuma ma'anarsa a fili take: ganima ba ladan kwamanda ba ce, kuma hannun da ya ci garuruwa bai fi ƙarfin a bincike shi a kan dirhami ba. Dalili na biyu kuwa ya shafi tauhidi, wato kaɗaita Allah, ta fuskar alaƙar sababi da Mai sabbabawa. Musulunci bai hana riƙon sababi ba, ya ma wajabta tanadin ƙarfi da zaɓen gwani, amma ya hana zuciya ta jingina sakamako ga sababin, kuma Alƙur'ani a Suratut Tauba ya tunatar da Musulmi ranar Hunainu, lokacin da yawansu ya burge su amma bai amfane su da komai ba. Abin da yawa ya yi wa zukata a Hunainu shi ne abin da Umar ya ji tsoron sunan mutum ɗaya zai yi musu a Sham. Wannan tsoro na aƙida yana da fuska ta siyasa wadda ba ta rabuwa da shi, domin rundunar da ta yarda cewa nasararta tana rataye da kwamanda ɗaya ta riga ta fara karkatar da mubaya'arta zuwa gare shi ko da shi bai nema ba, kuma duk ranar da ra'ayinsa ya saɓa da na shugaba za ta sami kanta da iyayen giji biyu.

Akwai suka mai ƙarfi a kan wannan mataki, kuma tun a lokacin aka yi ta. A taron Jabiya, inda Umar ya bayyana uzurinsa da cewa ya umarci Khalid ya tsare dukiyar ga raunanan Muhajirai amma ya ba masu ƙarfi da masu daraja da masu baki, wani ɗan uwan Khalid daga Banu Makhzum, Abu Amru ɗan Hafsu, ya miƙe ya gaya wa halifa ido da ido cewa ya cire wanda Annabi ya naɗa, ya kuma mayar da takobin da Annabi ya zare. Ana iya faɗaɗa sukar a ce hukunta mutum saboda son da wasu ke yi masa ɗora masa laifin da ba nasa ba ne, kuma hana al'umma gwaninta mafi girma a tsakiyar yaƙi asara ce tabbatacciya domin gudun cutar da ake zato kawai. Amsar ɓangare na farko ita ce tuɓewa ba uƙuba ba ce, domin uƙuba tana cire wa mutum abin da yake nasa, muƙami kuwa bai taɓa zama nasa ba, shi ya sa Umar ya ɗauki nauyin wanke sunansa a rubuce. Amsar ɓangare na biyu kuwa abin da ya biyo baya ya bayar da ita, tunda buɗe garuruwa bai tsaya ba, Amru ɗan Asi ya shiga Masar, aka yi nasara a Nahawand, aka tabbatar wa mutane cewa al'amarin bai rataya ga mutum ɗaya ba. Duk da haka sukar tana barin gargaɗi da bai kamata a yi watsi da shi ba: wannan hujja tana da tsarki ne a bakin shugaba irin Umar, wanda ya fi tsananta wa kansa da iyalinsa, amma a bakin mai hassada tana iya zama mayafin kawar da duk wanda ya fi shi farin jini.

Abin da Khalid ya yi bayan saukewar shi ne ya fi komai bayyana matsayinsa. Yana da dakarun da suka bi shi tun daga Yamama, yana da dangi masu ƙarfi, yana nesa da Madina tafiyar makonni, amma bai ɗaga tuta ba. Bai kuma yi shiru irin na wanda aka rufe wa baki ba, domin an ruwaito cewa ya je Madina ya gaya wa Umar a fili cewa bai kyautata masa ba. Wannan yana fayyace ma'anar ɗa'a a shari'a: ba ta hana mutum faɗin cewa an ƙware shi, abin da take hanawa shi ne ya mayar da makamin da aka ba shi domin kare jama'a ya zama hujjarsa a rigimar kansa. Ita ma ɗa'ar tana da iyaka, kuma a tarihin Khalid kansa aka ga iyakar, domin a ranar Banu Jazima Abdullahi ɗan Umar ya ƙi kashe ribataccensa ya kuma hana abokansa, ba a kuwa zarge shi ba, daidai da ƙa'idar da hadisin kwamandan nan da ya umarci mutanensa su faɗa wuta ya kafa, cewa biyayya a cikin abin da shari'a ta yarda da shi take. Ana bin umarnin ajiye muƙami ko da yana da ciwo, ana kuma ƙin umarnin zubar da jinin haram ko da daga takobin Allah ya fito, kuma tushen hukuncin biyu ɗaya ne, wato cewa biyayyar soja tana wucewa ta kan kwamanda da shugaba zuwa ga dokar da ke kansu duka. Khalid ya rasu a shekara ta 21 bayan Hijira a kan shimfiɗarsa, a Hims bisa mafi shaharar ruwaya, bai bar abin kirki ba sai dokinsa da makamansa da bawa guda.

Darajar wannan misali tana ƙara fitowa idan aka dubi abin da ya faru da aka rasa irinsa. A shekarar 861 Miladiyya kwamandojin Turkawa suka kashe halifa Mutawakkil a Samarra, daga nan naɗa halifa da cire shi ya koma hannun masu runduna, har Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya ga dole ya ware babi ga abin da ya kira sarautar rinjaye, wato wadda mutum ya ƙwata da ƙarfi sa'annan aka amince masa bisa lalura, domin bambanta ta da sarautar naɗi. Al'ummomin Najeriya da Nijar sun san wannan matsala a jikinsu, domin Seyni Kountché a 1974 da Ibrahim Babangida a 1985 da Ibrahim Baré Maïnassara a 1996 duk daga kujerar babban hafsa suka hau ta shugaban ƙasa, kuma hujjar da juyin mulki ya saba kawowa ita ce gazawar na sama da cancantar mai bindiga. Ko da hujjar ta zo da gaskiya a wani lokaci, aibinta shi ne tana mayar da mai makami alƙali a shari'ar da shi ne mai ƙara, kuma ƙofar da ya buɗe ba ya iya rufe ta ga na ƙasa da shi.

Sakamakon da wannan tarihi ke kaiwa gare shi nauyi ne a kan ɓangarori uku. A kan shugaba akwai wajibcin ya zaɓi gwani ba tare da tsoron gwanintarsa ba, ya bincike shi ba tare da jin nauyin nasarorinsa ba, kuma idan ya sauke shi ya faɗi dalili ya kare masa mutunci. A kan sarkin yaƙi akwai wajibcin ya ɗauki runduna a matsayin abin da aka ba shi ajiya, ya yi aiki a ƙasa da himmar da ya yi a sama, ya faɗi kokensa da baki ya bar takobi a kube. A kan jama'a kuwa akwai wajibcin su yaba wa gwarzonsu ba tare da sun sa shi ya zaci ba a iya rayuwa sai da shi ba, domin galibin kwamandojin da suka ƙetare iyaka sai da aka fara samun masu gaya musu cewa iyakar ba ta shafe su ba. Al'ummar da ta tsare waɗannan wajibai uku za ta iya amfana da jarumanta ba tare da ta zama ganimarsu ba.